Shin awon jini yana iya nuna tsananin asmar yaro?

Maman_Sabir: Assalamu alaikum jama'ar gida. Tambaya gare ni ga ma'aikatan lafiyar da ke cikinmu da iyayen da suka san abin. Yarona shekararsa 7, yana da asma tun yana ƙarami. Tun da hazo ya sauka tarin dare ya dawo masa. An rubuta mana analiz na jini, NFS (ƙidayar ƙwayoyin jini) da CRP (awon alamar kumburi), jiya na karɓo rezilta. CRP ƙasa da 6, fararen ƙwayoyin jini 9,000, eyozinofil (wani nau'in fararen ƙwayoyin) kashi 9 cikin 100, an ja wa wannan layi da jan biro. Ƙanwar babansa ta ce tunda CRP bai hau ba babu kumburi, asmar mai sauƙi ce, in daina ba shi abin shaƙa na kullum. Maƙwabciyata kuma ta ce na jan biron nan shi ke nuna asma mai tsanani. Ranar komawarmu wurin lokotoro sai mako mai zuwa, ni kuwa hankalina ya ƙi kwanciya. Akwai awon jinin da ke faɗa wa uwa inda asmar ɗanta ta kai?

Baban_Ikram: Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya. Ni ba ma'aikacin lafiya ba ne, amma don Allah kar ki ajiye maganin kan maganar ƙanwar miji. Wanda ya rubuta shi, shi zai ce a tsaya.

Hajiya_Bukoki: Amin. Mu ma mun kasa kunne, tawa ƴar haka take fama duk hunturu.

Labo_Yantala: Maman Sabir, ni aikin labo nake yi, bari in karanta miki takardar, hukuncin ciwon kuma na bar wa lokotoro. Kashi 9 ɗin nan shi kaɗai ba ya cewa komai sai an buga shi da jimillar fararen ƙwayoyin. Kashi 9 na 9,000 shi ne 810 a mikrolita guda. Abin da muke ɗauka daidai shi ne ƙasa da 500, dalilin jan biron ke nan. CRP kuwa hanta ce ke zubo shi cikin jini idan jiki ya gamu da ƙwayar cuta ko rauni. Yakan fara hawa cikin awa 6 zuwa 8, ya kai ƙarshensa wajen kwana biyu. A labo da yawa da lateks ake yin sa, a ɗiga ruwan jinin a kan kati a ga ko zai dunƙule, shi ya sa za ki riƙa ganin 6, 12, 24, 48, 96, babu na tsakani. Ƙasa da 6 na nufin bai dunƙule ba, iyakar abin ke nan. Zazzaɓin cizon sauro yana ɗaga shi, limoniya tana ɗaga shi, ko maruru ma. Asma ita kaɗai sau da yawa ba ta motsa shi ko kaɗan.

Dan_Harobanda: Maman Sabir, wace unguwa kuke? Yaron yana shiga ruwa?

Maman_Sabir: Kirkisoye muke, nan Yamai. Ba na barinsa, amma ka san yara, in ya bi yayyensa wajen gonakin shinkafa sai dai in ga wando a jiƙe.

Dan_Harobanda: To a duba fitsarinsa tukuna. Ɗan yayana an daɗe ana cewa alerji gare shi saboda wannan eyozinofil ɗin, nasa ma ya wuce 1,000, ashe tsargiya ce. Shi ko tari ba ya yi. Mu da muka tashi a bakin kogin Isa, wa bai ga yaro yana fitsarin jini ba?

Dr_Yara227: Sannunku. Maman Sabir, ƙanwar mijinki da maƙwabciyarki kowacce ta ɗora wa takardar abin da ba ta faɗa ba.

Asma kumburi ce, amma a bangon hanyoyin iska na huhu take, ba cikin jini ba. CRP kamar haushin kare ne da dare: ya gaya miki akwai motsi a waje, bai gaya miki ɓarawo ne ko akuya ba, kuma shirunsa bai nuna ba a shigo ta baya ba. Yaro zai zo ƙirji a toshe, iskar jininsa ta faɗi, CRP ɗinsa ƙasa da 6. Idan na nemi CRP a wurin yaro mai asma, ba asmar nake aunawa ba, ina so in ga ko akwai wata cuta da ta hau kanta, musamman in da zazzaɓi.

Eyozinofil ya fi kusa da maganar. Yawancin asmar yara irin ta alerji ce, kuma waɗannan ƙwayoyin suna cikin masu hura wutar kumburin. A ƙa'idojin GINA, ƙungiyar duniya mai fitar da jagorar kula da asma tun shekarun 1990, daga 150 zuwa sama ana ɗaukarsa alamar wannan nau'in kumburin ga mai asma mai wuyar sha'ani, 300 zuwa sama kuma ya fi ƙarfin nuni. Amfaninsa biyu: yana nuna yaron zai iya jin daɗin kortikoyid na shaƙa, wato maganin kwantar da kumburi, kuma yana nuna haɗarin bugu mai tsanani nan gaba ya fi yawa. Amma ba sikeli ba ne da za a ce mai 800 ya fi mai 400 ciwo. Ga kuma maganar Ɗan Harobanda, wadda ita ce babbar matsalarmu a nan: tsutsar ciki da tsargiya suna ɗaga shi fiye da yadda asma ke yi.

Tsananin asma kuwa da rayuwar yaron ake auna shi. A makonni huɗu da suka wuce, kwana nawa ya yi tari ko huci da rana? Ya farka da dare? Sau nawa aka ɗauko Ventoline, abin shaƙar da ke buɗe ƙirji nan take? Ya bar ƙwallo ko lakwal saboda ƙirji? A shekarar nan sau nawa aka kwana likita da shi? Sannan wane mataki na magani ne ya iya riƙe shi. Wanda ƙaramin awo na abin shaƙa ya ishe shi, tasa mai sauƙi ce. Wanda aka kai wa babban awo, ana shaƙa daidai kullum, amma tana bugunsa, shi ne mai tsanani. Tunda ya kai shekara 7, zai iya busa na'urar awon numfashi, ita ta fi jinin nan faɗar halin huhunsa. Kar ki tsayar da maganin.

Maman_Sabir: Na gode ƙwarai lokotoro, Allah ya saka. Da dare kam yana tashi, makon nan ma sau biyu. Lakwal kuma ya yi fashi.

Dalibin_FSS: Lokotoro, da girmamawa, ni ina ganin an rage wa jini matsayinsa. Ina karatu a tsangayar lafiya ta Jami'ar Abdou Moumouni, kuma na karanta rubuce-rubuce da dama kan raba adadin netrofil da na limfosit, wasu nau'o'in fararen ƙwayoyin jini biyu, abin da ake kira NLR. An ga yana hawa a yaran da aka kwantar da bugu mai tsanani. Kuma ba ya cin ko dala, yana cikin NFS ɗin da aka riga aka biya. Akwai ma CRP mai kaifin gani da ke kama ƙasa da 1. A ƙasar da na'urar awon numfashi ba ta kai ko'ina ba, me zai hana mu yi aiki da abin da ke hannunmu?

Dr_Yara227: Madalla da karatu, ƙanena. Amma ka tambayi kanka yaushe aka ɗebi jinin. Yaro ya zo da bugu, an ba shi kortikoyid a bakin ƙofa, bayan ƴan awoyi netrofil ya hau, limfosit ya sauka, eyozinofil ya kusa ɓacewa. NLR ɗin da ka gani na ciwon ne ko na maganin? Wanda bugunsa ya fi tsanani kuma shi ya fi shan maganin. Ƙara da cewa yaro ƙasa da shekara 4 ko 5 limfosit ne suka fi yawa a jininsa, daga baya abin ya juye, don haka adadi ɗaya ba zai yi wa ɗan shekara 2 da ɗan shekara 10 ba. Bambanci tsakanin rukuni da rukuni a takardar bincike abu ne daban, yanke wa yaron da ke gabanka hukunci kuma daban. Ba na cewa a daina binciken. Ina cewa har yau bai shiga ƙa'idar da muke aiki da ita ba.

Dalibin_FSS: Na ji wannan. Amma eyozinofil ai ya shiga. Binciken INFANT na Amurka da aka wallafa a 2016, kan yara ƴan wata 12 zuwa 59, ya nuna masu 300 zuwa sama ko masu alerji sun fi amfana da kortikoyid na shaƙa na kullum. Ma'aunin da aka fitar daga binciken yaran birnin Tucson na Amurka a 2000 don hasashen wane yaro mai huci ne zai zama mai asma ma ya sa eyozinofil kashi 4 cikin alamominsa.

Labo_Yantala: Ɗalibi, yaran Tucson ba sa wanka a Kirkisoye. Zo ka zauna kan na'urata mako ɗaya ka ƙirga yaran da suka haura kashi 4 ba tare da sun taɓa huci ba.

Majo_Gamkalle: Hahaha, Labo ka gama magana. Ni majo ne, shugaban ma'aikatan jinya, a wata CSI, ƙaramar cibiyar lafiya ta unguwa, kuma in gaya muku gaskiya, da dare babu NFS babu CRP a wurinmu. Abin da nake da shi ido, agogo, da ɗan abin nan da ake maƙala wa yatsa. In iskar jini ta yi ƙasa da kashi 92 cikin 100, ko yaro ya kasa haɗa magana, ko ya kasa sha, ko ramin wuyansa da ƙasan haƙarƙari suna lotsawa, ba na jiran takarda. Ɗan shekara 1 zuwa 5 in numfashinsa ya kai 40 a minti, ya yi sauri. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne wanda ƙirjinsa ya yi tsit, uwa tana murna wai kukan ya tsaya, alhali iskar ce ta daina shiga. Iyaye ku riƙe wannan, ya fi muku duk lambobin da ake ta jerowa.

Inna_Ader: Salamu alaikum ɗiyana. Ni ban yi lakwal ba, jikata ka rubuta mini. Nan Tawa in iskan hunturu ya taso ba ka ganin gidan maƙwabcinka. Jikana shina wanga ciwo, munka kai shi likita, anka ɗebi jini, anka ce tsutsa ce. Anka ba shi magani, tsutsa ta hita, tari bai bari ba. Sai da wata madam ta tambayi uwa tai ko tana turaren wuta cikin ɗaki. Kullum hwa, sahe da marece, ga maganin sauro na ƙonawa da dare. Munka hidda su, munka ɗaura gidan sauro. Bai warke ba, amma shina kwana.

Hajiya_Bukoki: Inna, turaren kuma? Mu da ɗaki ba ya zama ɗaki sai da shi. Wannan hukunci da wuya yake.

Maman_Twins: Hajiya ki yi shi a tsakar gida ki turara kayanki a can, ɗakin da yaro ke kwana ne dai a bari. Ni har girkin itace na mayar bayan gida. Katifar ma ina shanya ta a rana.

Abba_Taksi: Ni tambayata daban ce. An ce wannan Ventoline ɗin in yaro ya fara ba ya bari, jiki yana sabawa. Shi ya sa ni siro nake saya wa nawa, in ta tsananta in ɗiga masa Célestène, kwana biyu ya miƙe.

Majo_Gamkalle: Abba, don Allah ka daina. Célestène kortikoyid ne mai ƙarfi da ke zagaya jiki duka. Yana da ranarsa, amma lokotoro ke cewa ranar ta zo. Yawan maimaita shi yana tauye girman yaro, ya raunana ƙashi, ya rage garkuwar jiki. Abin shaƙa kuwa kai tsaye huhu yake zuwa, ɗan kaɗan ne ke shiga jini. Ba ya sa jaraba. Iri biyu ne: mai shuɗi, Ventoline, yana buɗe ƙirji nan take amma ba ya taɓa kumburin. Na kullum, irin su beklometazon, shi ke kwantar da kumburin a hankali, a kurkure baki bayan an shaƙa. In ka ga kana ƙarar da mai shuɗi uku ko fiye a shekara, asmar ba ta kamu ba ke nan.

Abin da na fi gani shi ne ana fesa wa yaro a baki kai tsaye, magani ya tsaya a maƙogwaro, a ce bai yi aiki ba. In babu kuɗin sayen mazubin farmasi da ake sa wa tsakanin abin fesawa da bakin yaro, gorar roba ta rabin lita ta isa. A huda gindinta daidai bakin abin fesawar, a girgiza, a fesa sau ɗaya, yaro ya ja numfashi kamar biyar ta bakin gorar, sannan a sake. An gwada wannan a Afirka ta Kudu, an wallafa a 1999, kuma yana cikin littafin PCIME, jagorar kula da cututtukan yara da muke aiki da ita.

Dr_Yara227: In ƙara kan ta Majo, don ta shafi tambayar farko. Abba, in ka ɗiga wa yaro Célestène yau, gobe ka kai shi awo, eyozinofil zai fito ƙasa, a ce jininsa lafiya lau. Sai an bar mako ɗaya zuwa biyu bayan gama kortikoyid na sha kafin awon ya yi ma'ana. Zazzaɓi mai zafi ma yana saukar da shi, kuma yana sauyawa tsakanin safe da dare. Awo guda bai isa a gina komai a kansa ba. Akwai kuma wata tsutsa, angilil, da ke shiga ta fatar ƙafa. Mai ita in aka yi ta ɗura masa kortikoyid na sha tana iya bazuwa a jiki har ta kashe. Ga dalilin da ya sa eyozinofil mai yawa a ƙasarmu yake sa ni neman awon bayan gida da na fitsari kafin komai. Ƴaƴan tsutsar askaris ma in suna ratsa huhu suna sa tari da huci na ɗan lokaci.

Maman_Sabir: Lokotoro, ke nan yana iya zama ba asma ba ce, tsutsa ce?

Dr_Yara227: Ban duba shi ba, ba zan yanke ba. Amma yaron da ya yi shekaru yana bugu duk hunturu, Ventoline kuma yana buɗe shi, wannan asma ce. Yana iya haɗa biyun, kamar jikan Inna.

Labo_Yantala: In an rubuta miki na fitsari, ki ɗebo tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana, lokacin ƙwan tsargiya ya fi fita, kuma ki haɗa da na ƙarshen fitsarin. Na bayan gida, KAOP, mai neman tsutsa da ƙwanta, sau ɗaya yana iya fitowa babu komai alhali akwai, kar ki yi mamaki in an ce ki sake. Ko an sha prazikantel, maganin tsargiya, ma eyozinofil ba ya sauka washegari, yakan ɗauki makonni ko watanni.

Aisha_Liyon: Sannunku daga Faransa. Ɗana shekararsa 9, a nan ba su cika dogara da jini kaɗai ba. Akwai wata na'ura da yake hurawa a hankali, FeNO, tana auna wata iska da ke nuna kumburin huhun kansa. Sun ce ga yara ƙasa da 20 ƙasa ne, sama da 35 ya hau. Sun yi masa awon alerji a fata da na jini, IgE. Jinin ya zama da muhimmanci ne lokacin da suke tunanin sa shi kan allurar nan ta wata-wata, mepolizumab, wadda ake ba yara daga shekara 6. Daga baya suka gano shaƙar ce ba ya yi daidai, aka gyara, ba a kai ga allurar ba.

Baban_Ikram: Hajiya Aisha, mu nan mai shuɗin ma sai an yi lissafin cefane. Kyautar magani ga ƴan ƙasa da shekara 5 tana nan tun 2006, amma ɗan Maman Sabir ya wuce layin.

Maman_Nana: Ni ƴata tana da emasi, wato sikila, SS, ga asma. Fararen ƙwayoyinta kullum a sama suke ko tana lafiya, duk sabon ma'aikacin da ya ga takardar sai ya firgita. Abin da aka koya mini shi ne in ta haɗa zazzaɓi da ciwon ƙirji da saurin numfashi, kar in zauna ina fesa Ventoline, in ruga likita, don yana iya zama ciwon ƙirjin emasi. A nan kam jini da hoton ƙirji suna da amfani sosai, kar a ce ba su da shi.

Dalibin_FSS: Kun gani ko? Maganata ke nan. Ba a ce jini ya maye gurbin ido ba. Ni da za a bi tawa, duk yaron da aka tabbatar yana da asma a yi masa NFS sau ɗaya lokacin da yake lafiya, bayan an ba shi maganin tsutsa, a ajiye a matsayin tushe. In eyozinofil ya zauna a sama, mun san wanda za mu fi sa wa ido.

Majo_Gamkalle: Wa zai biya? Uban da ke da kuɗin abu ɗaya, awo ko beklometazon na wata uku, ni maganin zan ce ya saya. Sakamakon ko sama ko ƙasa, yaron da ke tashi da dare sau biyu a mako maganin kullum zan so ya samu.

Dr_Yara227: Ina tsakaninku. Ga wanda magani ya riƙe, ba na neman jini. Ga wanda ya ƙi kamuwa bayan na ga yadda yake shaƙa da idona, na tambayi hayaƙin gida, na tabbatar ana sayen maganin, a nan ina nema, kuma nakan maimaita.

Maman_Sabir: Na gode muku duka. Na kira, sun ce in kawo shi jibi maimakon mako mai zuwa. Zan tafi da abin shaƙar su ga yadda yake yi, don gaskiya a baki nake fesa masa. Zan kuma faɗi maganar ruwan. Ƙanwar babansa dai har yanzu tana kan bakanta.

Hajiya_Bukoki: Allah ya sa a dace. Majo, gorar nan ta ruwa ko ta lemo, kowacce ta yi? Tawa shekararta 3, ba za ta iya riƙe bakin gora ba.

Majo_Gamkalle: Kowacce, in dai an wanke ta da sabulu an bar ta ta bushe da kanta, kar a goge cikinta. Amma ƴar shekara 3 mai rufe hanci da baki take buƙata. Ki je da ita CSI ɗin unguwarku da abin fesawar, su gwada miki a gabanki.

Abba_Taksi: To ni yanzu Célestène ɗin da ya rage a gida, in zubar ko in ajiye?